Midgar Sau Biyu: Yadda Aka Sake Gina Final Fantasy VII Bayan Shekara 23

A watan Yunin 2015, a babban taron masana'antar wasannin bidiyo na E3 da aka yi a Los Angeles, kamfanin Sony ya haska wani gajeren hoto: titunan wani birni mai duhu, sannan ƙeyar wani saurayi goye da takobi mai faɗin ƙyauren ɗaki. Da aka tabbatar cewa Final Fantasy VII za a sake ginawa, sai zauren ya kaure da sowa. Magidantan da suka buga wasan suna yara suka riƙa sakin bidiyon kansu suna share hawaye.

Tushen wannan shauƙi yana can a 1997. Kamfanin Square na Japan ya riga ya fitar da wasanni shida na Final Fantasy, dukkansu a na'urorin Nintendo. Irin wasannin nan ne da mai bugawa ke shiga rigar jarumin labari, ya tara abokan tafiya, ya yi ta yaƙi yana ƙara ƙarfi har labarin ya ƙare. Da aka zo na bakwai sai hanya ta rabu. Nintendo ya nace wa kaset a sabuwar na'urarsa, wanda mafi girmansa bai wuce megabait 64 ba, alhali faifan CD na PlayStation yana ɗaukar kusan ninki goma na haka. Square na son birane masu zurfi da hotuna masu motsi kamar na silima, don haka ya koma wajen Sony, dangantakarsa da Nintendo kuwa ta yi tsami shekaru. Wasan ya fito a Japan ranar 31 ga Janairu, 1997, a faifai uku, ƙarƙashin darakta Yoshinori Kitase da furodusa Hironobu Sakaguchi. Shi ne na farko a jerin da aka sayar a Turai, kuma cinikinsa ya haura kwafi miliyan 10.

Labarin ya soma ne a Midgar, birni mai hawa biyu: masu hali a sama kan wani makeken faranti na ƙarfe, talakawa a ƙarƙashi inda rana ba ta leƙawa. Kamfanin lantarki na Shinra yana zuƙo wani makamashi da ake kira Mako daga cikin ƙasa, wanda a haƙiƙa ran duniyar ne. Cloud Strife, sojan haya, ya shiga wata ƙungiya mai tayar da bam a tashoshin kamfanin. A nan ya haɗu da Aerith, yarinya mai tallan furanni.

Ita ce maƙasudin komai. A ƙarshen faifai na farko, bayan mai wasa ya kwashe sa'o'i masu yawa yana renon ƙarfinta yana saya mata makamai, Sephiroth ya diro daga sama ya soke ta tana cikin addu'a. Babu wasiyya, babu ban kwana. Kitase da Tetsuya Nomura, wanda ya zana taurarin wasan, sun sha bayyana cewa sun ƙi irin mutuwar finafinai inda jarumi ke sadaukar da kai cikin alfahari. Sun so ta zo kwatsam, ta bar giɓi, kamar yadda take zuwa a gidajen mutane. Shi ma Sakaguchi ya danganta tunaninsa a kan rai da mutuwa da rasuwar mahaifiyarsa lokacin da ake aikin Final Fantasy III. Yaran wancan zamani ba su haƙura ba. Shekara da shekaru jita-jita na yawo a intanet cewa akwai ɓoyayyiyar dabarar tashin Aerith. Babu ita, masu wasan ba su taɓa sanya ta ba.

Kamfanin, wanda ya zama Square Enix bayan haɗewar 2003, da kansa ya tsokano tsuliyar dodo. A 2005 ya sake zana buɗewar wasan don gwada ƙarfin PlayStation 3, ya ce gwaji ne kawai, amma wa zai ji? A 2012 shugabansa na lokacin, Yoichi Wada, ya gaya wa masu hannun jari cewa ba za a taɓa tsohon ba sai wani sabon Final Fantasy ya zarce shi a inganci. Ko bayan sanarwar 2015 tafiyar ba ta miƙe ba: an fara aikin da taimakon kamfanin CyberConnect2, a 2017 aka dawo da shi cikin gida.

Final Fantasy VII Remake ya fito ranar 10 ga Afrilu, 2020, duniya na kulle saboda korona, ya kuma sayar da fiye da kwafi miliyan 3.5 cikin kwana uku. Midgar kaɗai ya ƙunsa. Abin da ake ƙarewa cikin sa'a biyar ko shida a da, yanzu yana cin talatin ko fiye. An sauya tsarin yaƙi daga jiran layi zuwa sara da kai tsaye, tare da damar tsagaita lokaci a zaɓi umarni. Wasu sassan ja ne kawai don cika awo, musamman yawon cikin magudanan ruwa. Amma faɗaɗawar ta yi rana a unguwar Sashe na 7: mai wasa ya zauna da mazaunanta, ya san yaransu da shagunansu, saboda haka ranar da Shinra ya sako musu farantin sama, mutanen da ya sani ne a ƙarƙashi.

Babban kasadar tana wani wuri dabam. Nomura, wanda ya zama darakta, da marubuci Kazushige Nojima sun shigo da wasu halittu masu kama da inuwa cikin alkyabba, Whispers, masu gadin ƙaddara. Duk lokacin da labarin ya nemi kauce wa yadda ya gudana a 1997, sai su yi dafifi su mayar da shi kan turba, har wanda aka kashe ba bisa tsohon tsari ba su raya shi. Ba a buƙatar dogon nazari kafin a gane su wa ake nufi: masoyan da suka yi shekara ashirin suna roƙon a maimaita musu yarintarsu ba tare da an taɓa ko wasali ba. A ƙarshen wasan Cloud da abokansa suka yaƙi waɗannan inuwoyi suka ci su. Wasu masoya sun ɗauki haka cin amana, kuma suna da hujja, domin wanda bai san tsohon labarin ba zai fita daga babin ƙarshe a ruɗe. Sai dai dabarar ta dawo da abin da maimaici zalla ba zai iya dawowa da shi ba, wato fargaba. Mutuwar Aerith ta girgiza mutane ne don ba su san tana tafe ba. Yanzu da aka karya ƙaddara, tsohuwar jita-jitar ceton ta ta zama tambaya ta gaske.

Kashi na biyu, Rebirth, ya fito a PlayStation 5 ranar 29 ga Fabrairu, 2024, Naoki Hamaguchi na darakta. Masu sharhi sun yaba masa ƙwarai, kamfanin kuwa ya amsa cewa cinikin bai kai yadda ya sa rai ba. Wasan ya tsaya daidai wurin da Aerith ta durƙusa tana addu'a. A wannan karon an nuna Cloud ya tare takobin, an kuma nuna jini ya zuba. Abokan tafiya suna makoki, shi kuwa yana ganinta a gefensa yana yi mata magana. Square Enix ya bar warware wannan ƙulli ga kashi na uku, wanda ya ce shi ne na ƙarshe.