Yadda Aikin Cire Mahaifa Ya Iso Ƙasar Gwandu

Sabiyal gari ne a ƙasar Aliero, cikin Masarautar Gwandu, wadda yanzu take cikin Jihar Kebbi. Duk wanda ya san wannan yanki ya san shi da albasa da kuma ɗori, gama tun kaka da kakanni ake kawo masu karaya Aliero daga garuruwa masu nisa, a ɗora su, su koma gida da ƙafafunsu. Saboda haka mutanenmu ba su tsoron magani. Abin da suke tsoro shi ne wuƙar likita, balle a ce mace za a yanka a cire mata mahaifa. Na ga wannan tsoro da idona a gidanmu, sa'ad da ciwo ya kama yayata, shi ya sa na bi diddigin wannan aiki don in san asalinsa.

A zamanin da, in ciwon ciki ya sami mace, ungozoma ce ke fara dubawa, sa'an nan a nemi sassaƙe da saiwoyi wurin masu magani, a je wurin malam ya yi rubutu. Wanzami yana yin ƙaho da kaciya da cire belu, amma iyakarsa fata da abin da ido ke gani. Malamanmu kuwa ba su bar ilmin magani a baya ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa littattafai a kan magunguna, har da guda a kan ciwon basur. Tun kafin shi, a birnin Ƙurɗuba ta Andalus, an yi wani likita Musulmi, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda ya rasu wajen 1013. Shi ya rubuta Kitabut Tasrif, ya zana kayan fiɗa a ciki, ya kuma yi ɗinki da zaren hanjin dabba. Duk da haka, buɗe cikin mutum mai rai ya gagari likitocin duniya shekaru aru-aru, don abubuwa uku sun tare hanya: zafin yanka, da ruɓar rauni, da zubar jini.

Wanda ya fara ƙundunbala shi ne wani likitan ƙauye a Amurka, sunansa Ephraim McDowell. A cikin Disamba 1809 wata mace mai suna Jane Crawford ta hau doki ta yi tafiyar mil 60 zuwa garinsa, Danville, da ciki tirtsitsi wanda aka ɗauka tagwaye ne. Ashe ƙari ne ya fito a ɗaya daga cikin jakunkunan nan biyu na gefen mahaifa, inda ƙwan haihuwa ke fitowa. Ya yanka ta tana farke, ba maganin barci, tana ta addu'a irin ta addininta. Ya fitar da ƙari mai nauyin kilo 10, ta warke, ta kuwa ƙara shekara 32 a duniya. Wannan ya nuna ana iya buɗe ciki a rufe, mai shi ya tashi. Amma cire mahaifa kanta ya fi haka wuya. A 1843 Charles Clay ya gwada a Manchester ta Ingila, matar ta mutu. Sai a 1853 Walter Burnham ya yi shi a garin Lowell ta Amurka, matar ta rayu.

To, tsakanin gwajin Clay da na Burnham aka shawo kan abu na fari. Ran 16 ga Oktoba 1846, a Boston, William Morton ya shaƙa wa wani mutum wani ruwa mai tashi kamar turare, mutumin ya yi barci, aka yi masa aiki bai ji ba. Da shekara ta kewayo James Simpson na Edinbara ya kawo wani irinsa, wanda Sarauniya Biktoriya ta shaƙa wajen haihuwa a 1853. Da mutane suka ji Sarauniya ta yarda, sai tsoronsu ya ragu.

Abu na biyu ya fi cin rai, don ba a san mafarinsa ba. A 1847 wani likita a Biyana, Ignaz Semmelweis, ya lura masu jego sun fi mutuwa a ɗakin da likitoci ke shiga bayan sun taɓa gawa. Ya sa doka kowa ya wanke hannu da ruwan magani, mutuwa ta ragu ƙwarai, amma abokan aikinsa suka ƙi maganarsa. Sai a 1867 Joseph Lister ya bayyana yadda yake wanke rauni da kayan aiki da ruwan kashe ƙwayoyin cuta a Gilasgo, duniya ta fara bi. A 1876 Eduardo Porro na Italiya ya fitar da jariri ta ciki, ya haɗa da mahaifar ya cire don jini ya tsaya, uwa da jaririya suka rayu.

Kada mai karatu ya zaci Turawa kaɗai Allah ya ba wannan basira. A 1879 wani Bature, Robert Felkin, ya ga masu maganin gargajiya na ƙasar Bunyoro, a Uganda, suna fitar da jariri ta ciki. Sun wanke hannu da cikin matar da giyar ayaba, sun tsai da jini da ƙarfe mai zafi, sun haɗa bakin raunin da tsinkayen ƙarfe. Uwa da ɗa suka tashi lafiya.

Saura jini. Da can in aka ɗura wa mutum jinin wani, wani lokaci ya yi amfani, wani lokaci ya kashe shi nan take, ba wanda ya san dalili. A 1901 Karl Landsteiner ya gano jinin 'yan Adam iri-iri ne, dole a gwada a ga wanda ya dace. Daga baya, a 1928, Alexander Fleming ya gano fanisilin, wanda ya wadata bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Kun ji yadda aka share hanya.

Turawa sun ci Sakkwato a 1903, amma an daɗe kafin maganin asibiti ya kai ga talaka. En'e ta Kano ta buɗe Asibitin Birni a 1927, wanda yanzu ake kira Asibitin Murtala. A ƙasarmu kuwa, a 1952, zamanin Sarkin Gwandu Yahaya, aka buɗe asibitin Birnin Kebbi, wanda ke ɗauke da sunansa har yau. Ko da aka gina asibitoci, mata ba su cika zuwa ba sai abu ya ɓaci, saboda kunya, da nisan hanya, da jiran izinin maigida. Wani likita ɗan Nijeriya, Kelsey Harrison, ya bi lissafin haihuwa 22,774 a Zariya daga 1976 zuwa 1979, ya tarar matan da ba su zuwa awo, sai an kwaso su ranga-ranga, su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba. Doguwar naƙuda takan yaga mahaifa, ko ta bar mace da yoyon fitsari, irin cutar da Likita Kees Waaldijk ɗan Holan ya shafe shekaru yana ɗinkewa a Babbar Ruga ta Katsina.

Yanzu bari in komo kan yayata. Shekararta ta wuce arba'in, 'ya'yanta shida. Al'adarta ta riƙa daɗewa, jini na zuwa guda-guda, mara ta kumbura kamar mai cikin wata biyar. Mata suka ce kwantacce ne, wasu suka ce jifa. Ta sha jiƙe-jiƙe shekara biyu, har idonta ya yi fari fat, in ta jawo guga ɗaya sai haki. Da muka kai ta asibiti aka yi hoton ciki, likita ya ce ƙari ne a jikin mahaifa, sun yi yawa, sun yi girma. Ya ce ƙarin ba daji ba ne, ya kuwa fi yawa ga baƙar fata. Ya ce ga mai son haihuwa akan tsince ƙarin a bar mahaifa, amma ga irinta cirewa ya fi kwanciyar rai.

Nan fa aka yi cirko-cirko. Mijinta ya ce a bari sai an kwashe albasa. Ita kuwa da dare ta kira ni ta ce, "Ƙanena, kai ka yi boko, gaya mini gaskiya. In an cire, ni mace ce ko me?" Na ce, "Yaya, gobe mu tambayi mai sani." Da safe wata nas dattijuwa ta zaunar da ita da mijinta, ta ce, "Malam, haihuwa da al'ada su ne za su tsaya. Zaman aure yana nan yadda yake. In kuka ƙara jinkiri, jinin nan zai iya gamawa da ita." Mijin ya yi shiru, can ya ce, "Kawo takardar." Ya sa hannu, ita ma ta dangwala.

Likita ya ce ba zai taɓa ta ba sai an ƙara mata jini, a kuma ajiye wani. Dangi da suka cika baranda sai aka fara zamewa, kowa na tsoron wai in an ɗibi jininsa ba zai koma ba. Ni da babban ɗanta muka miƙa hannu, aka ɗebi leda guda ga kowa. Ban ji komai ba sai ɗan jiri, na sha shayi ya wuce.

Ranar aiki aka hana ta ci tun dare. Aka yi mata allura a gadon baya, rabin jikinta na ƙasa ya mutu, idonta biyu. Ta ce tana jin ana ja ana turawa, amma ba zafi. Bayan kamar sa'a biyu aka turo ta, da robar ƙarin ruwa a hannu da robar fitsari. Aka nuna mana abin da aka cire cikin tasa, mijinta ya dube shi ya ce, "Subhanallahi, wannan take ɗauke da shi?"

Washegari nas ta zo ta ce a tashe ta ta taka. Mahaifiyarmu ta ce, "Haba 'yar nan, jiya fa aka yanka ta!" Nas ta ce, "Inna, kwanciya ce ke sa jini ya daskare a ƙafa, in gudan ya taso ya kai huhu sai a rasa mutum." Yaya ta dafa ni, ta dafe ciki da matashi, ta yi taku goma tana cije leɓe. Ba a ba ta abinci ba sai da hanjinta ya motsa, aka fara da ruwa, sai koko, sai tuwo mai laushi. Rana ta biyar aka sallame mu, aka sa mana ranar komawa a duba ɗinki.

A gida ne aka yi babban jihadi. Likita ya ce mako shida ba daka, ba surfe, ba jan guga, ba ɗaukar tulu, ba kusantar miji, don naman ciki bai haɗe ba ko da fata ta rufe. Tsofaffi suka so a yi mata wanka da tafasasshen ruwa da kunun kanwa kamar mai jego, muka hana, gama ruwan zafi yakan ƙona rauni. Aka ba ta wake da zogale da hanta da maganin ƙarin jini. An kuma gargaɗe mu, in ta yi zazzaɓi, ko ruwa mai wari ya fito, ko jini ya ɓalle, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, a koma nan da nan. Abokiyar zamanta, Allah ya saka mata, ita ta karɓi girki wata biyu ba ta ko yi tsaki ba.

Akwai ranakun da Yaya takan zauna ta yi ta hawaye ba dalili. Nas ta riga ta ce hakan na faruwa, a zauna da ita a yi ta hira. Da yake likita ya bar mata jakunkunan ƙwai, ba ta sami zufa da zafin jiki irin na waɗanda aka cire wa duka ba. Kafin wata uku jini ya dawo fuskarta. Azumin da ya biyo baya ta yi shi cur, ba ta sha ko ɗaya ba, abin da rabonta da shi shekara da shekaru.

Aikin bai tsaya nan ba. A 1988 wani likitan Amurka, Harry Reich, ya cire mahaifa ta 'yan ƙananan huji da taimakon madubin leƙa ciki, ba tare da tsaga ciki ba. Amma kowace irin dabara aka zo da ita, sai an kai marar lafiya a kan kari take amfani. Saboda haka, ya kai mai karatu, in matarka ko 'yar'uwarka ta ce jini ya ƙi tsayawa, ko mara ta kumbura, ko naƙuda ta kwana ta wuni, kada ka jira kasuwar Jega ta ci. Ka nemi mota, ka tafi da mutum biyu masu ƙoshin lafiya waɗanda za su ba da jini, ka tambayi likita duk abin da ya shige maka duhu kafin ka sa hannu. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.