Daga Ina Makirufo Ya Samo Volt 48 Ɗinsa?

In ka taɓa duba bayan miksa, wataƙila ka ga maɓallin da aka rubuta 48V a kansa. Kafin ka danna shi a kan makirufon da ka harhaɗa da hannunka, tsaya ka ji inda lambar nan ta fito.

A 1916 Edward Wente, injiniya a kamfanin Western Electric na Amurka, ya ƙera makirufo mai kondensa. Faranti biyu ne dab da juna, ɗaya siriri ainun, yana rawa in sauti ya buge shi. Amma sai an cika su da caji tukuna rawar za ta zama sigina, kuma siginar ba ta da ƙarfin bin doguwar waya, dole a ɗora mata na'urar ƙara ƙarfi a cikin makirufon kansa. Shi ya sa tun farko wannan makirufo mayen wuta ne. Waɗanda Georg Neumann ya fara ƙerawa a Balin daga 1928 bawul ne a cikinsu, irin na tsohuwar rediyo, kowanne da akwatin wutarsa da waya mai kai da yawa. Jidali dai.

Taransisto ne ya sauƙaƙa lamarin. A 1966 gidan rediyon gwamnatin Norway da ke Oslo ya nemi makirufon da ba ya buƙatar akwatin wuta. Ginin yana da layin volt 48 wanda ke kunna fitilun taimako, sai kamfanin Neumann ya yi amfani da shi. Wato ba wani lissafi mai zurfi ne ya zaɓi 48 ba, wutar da aka tarar a gidan ce, daga baya ta zama ƙa'ida.

Dabarar kuwa daga masu wayar tarho aka aro ta, har da sunanta, wutar fatalwa. A filogin XLR, ƙafa ta 2 da ta 3 ke ɗaukar sauti. Sai a tura wa kowacce volt 48 ta cikin rezisto mai ohm 6,800, wutar ta dawo ta ƙafa ta 1. Miksa bambancin da ke tsakanin ƙafa 2 da 3 kawai yake ji, tunda wutar iri ɗaya ce a duka biyun, sai ta ɓace masa. Don haka rezistocin biyu dole su zo daidai da juna, in ba haka ba ƙugi zai samu hanyar shiga.

To ga inda masu haɗin gida ke faɗawa. Ƙaramin kan makirufon da kake cirowa daga tsohuwar waya ko iyafis wani reshe ne dabam. A 1962 Gerhard Sessler da James West na Bell Labs suka ƙirƙiro shi da wata leda mai riƙe caji na dindindin, elektaret. Farantinsa ba ya neman wuta, ɗan taransiston cikinsa ne kaɗai ke so, volt 2 zuwa 5 ta rezisto mai ohm kamar 2,200, abin da kwamfuta ke ba shi ke nan. Ka jona shi kai tsaye da 48, zai iya ƙonewa nan take. Sai ka fara sauke wutar da rezisto da zena, ka sa kondensa a hanyar sautin don tare ta, sannan ka auna da mita kafin ka taɓa dalma.