'Yar Abingdon: Tarihin Wata Mota Da Na Taɓa Mallaka

Cikin shekarun da na yi a Ingila ina karatun digiri na uku a fannin tarihi, na aikata wani abu wanda har yau yayana bai daina yi mini dariya a kansa ba. Na kwashe 'yan kuɗin da na tara cikin shekara biyu, na sayi wata tsohuwar mota shuɗiya ƙirar MGB ta 1972. Kujerunta biyu rak, rufinta kuwa na tamfol ne, wanda akan naɗe shi a baya idan rana ta fito. Da na aika wa Yaya hotonta, sai ya bugo waya ya ce, "Kai yanzu wannan ce motar? To, ina iyali za su zauna, ina kuma za ka sa buhun masara?" Ban iya ba shi amsa ba, gama ni ma na san ba don amfani na saye ta ba.

Mai motar wani dattijo ne a wani ƙauye kusa da Oxford. Ciwon gwiwa ya hana shi sunkuyawa ya shiga cikinta, domin mota ce mai ƙasa-ƙasa, wadda in ka zauna sai ka ji kamar a kan tabarma kake. Na tafi da wani abokina da ya san sha'anin motoci, shi kuwa ya tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu. Muna isa bai ko dubi injin ba, sai ya durƙusa yana manna maganaɗisun a ƙarƙashin ƙofofi. Ya bayyana mini cewa MGB ba ta da shasi dabam da bodi kamar motocin da. Jikin nata shi ne ƙashinta, kuma tun da ba ta da rufin ƙarfe, ƙarfen nan da ke ƙarƙashin ƙofofi shi ke riƙe gaba da baya. In tsatsa ta cinye shi, motar ta karye ke nan, ko da fentinta na walƙiya. Inda maganaɗisu ya ƙi kamawa, to, an cike rami ne da ƙullun gyaran bodi an shafe da fenti. A wannan motar ko'ina ya kama.

Ni dai abin da ya kama ni dabam ne. Dattijon ya shiga gida ya fito da wani kwali cike da takardu: rasidin kowane baƙin mai da aka canza, kowace taya, kowane fulogi, a jere bisa ga shekaru. A samansu akwai wata takardar shaida daga gidan tarihin motoci na Gaydon, inda aka adana littattafan masana'antar. Takardar ta nuna ranar da aka ƙera motar, da launinta na asali, da lambar jikinta, da dillalin da aka fara aika wa ita. Ɗalibin tarihin da ya sha wahalar neman takardun da gara ta cinye, in ya ga irin wannan, ai ciniki ya riga ya faɗa. Daga kwalin nan na fara bin asalin motar, kuma abin da na gano shi ne zan ba ku.

Haruffan nan biyu, watau MG, sun samo asali ne daga Morris Garages, wani garejin sayar da motoci a Oxford, mallakar William Morris, wanda daga baya ya zama Lord Nuffield. Manajan garejin, Cecil Kimber, shi ya fara ɗaukar motocin Morris na yau da kullum yana sa musu jiki marar nauyi, yana ƙara wa injin kuzari, wajen 1924. Da kasuwa ta buɗe, cikin 1929 aka ƙaura da aikin zuwa Abingdon, wani ƙaramin gari a bakin kogin Thames, aka zauna a wani sashe na wata majema. Kimber bai ga ƙarshen abin da ya shuka ba. An sallame shi daga aiki cikin 1941, ya kuma rasu cikin hatsarin jirgin ƙasa a tashar King's Cross ta Landan cikin 1945.

Akwai tambayar da ta daɗe tana damuna: me ya sa ƙasar da ruwan sama ba ya ɗauke mata ta shahara da ƙera mota marar rufi? Amsar tana cikin halin da Ingila ta shiga bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ta fito daga yaƙin da bashi har wuya, tana matuƙar bukatar dalar Amurka. Gwamnati ce ke rabon ƙarfe a lokacin, kuma kamfanin da ya fi sayar da kaya a ƙasashen waje shi ya fi samun kaso. Sai aka yi dace, sojojin Amurka da suka zauna a Ingila sun ga 'yan motocin MG, sun yi sha'awarsu, waɗansu har suka koma gida da su. MG TC, wadda aka ƙera daga 1945 zuwa 1949, sitiyarinta a dama yake, ba ta kuma da wani gudu na a-zo-a-gani, amma ita ta buɗe ƙofar. MGA ta biyo baya cikin 1955, aka ƙera sama da 100,000, galibinsu kuwa jirgin ruwa ya kwashe su. Ashe dai don ranar California aka yi motar, Ingila wurin haihuwarta ne kawai.

MGB ta fito cikin Satumba 1962. Babban injiniyan da ya shugabanci ƙirarta shi ne Syd Enever, wanda ya shiga kamfanin tun yana yaro ɗan aike, Don Hayter kuma ya daidaita siffarta. Injinta mai silinda huɗu ne, girmansa cc 1,798, da kafireto biyu, ƙarfinsa doki 95, tana kuma ɗara mil 100 a sa'a kaɗan. Ba wani abin al'ajabi a cikinta, gama dangin injin nan ne ke cikin motocin iyali na Austin da Morris. Wannan kuwa shi ne sirrinta: kowane bakanike ya san shi, kayan gyaransa kuma da araha.

Ita masana'antar Abingdon, harhaɗawa ce aikinta. Bodi yakan zo mata daga wani gari, injin daga Birmingham. Babu injin da ke jan motoci a kan layi kamar na manyan masana'antu. Da hannu ma'aikata ke tura mota daga wannan rukuni zuwa na gaba idan sun gama nasu aikin. A zamanin da yajin aiki ya zama ruwan dare a masana'antun motocin Ingila, an san ma'aikatan Abingdon da zaman lafiya, in ka ga aiki ya tsaya, yawanci kaya ne ba su iso daga wani wuri ba. A haka suka fitar da MGB sama da rabin miliyan cikin shekara 18.

To, yaya aka yi motar da ke da kasuwa haka ta mutu? Tun cikin 1952 aka haɗe Morris da Austin suka zama BMC. Cikin 1968 kuma aka sake haɗe wannan da kamfanin Leyland, aka sami British Leyland. Matsalar ita ce Leyland ta zo da tata 'yar, watau Triumph, kishiyar MG a kasuwar Amurka, shugaban sabon kamfanin kuwa, Donald Stokes, daga ɓangaren Leyland ya fito. Da aka zo zancen ƙera sabuwar mota mai gudu, sai kuɗin ya tafi ga Triumph TR7, wadda ta fito cikin 1975. MGB kuwa aka bar ta da tsohon jikinta da tsohon injinta, kamar marainiya a gidan haɗaka.

Ana cikin haka Amurka ta tsaurara dokokinta na hayaƙi da na kariya daga hatsari. Maimakon a sake ƙira, sai aka yi ta faci. A ƙarshen 1974 aka cire bambarta mai sheƙi aka ɗaura mata wata baƙa ta roba mai nauyi, aka kuma ɗaga motar sama kaɗan don tsawon bambar ya dace da doka. Ɗagawar nan ta rage mata kama titi a kwana. Waɗanda ake kaiwa Amurka aka mayar da su kafireto ɗaya, ƙarfinsu ya faɗi ƙasa da doki 70. Na ji masoya motar da yawa suna ɗora wa Amurka laifi, amma ni ban yarda ba. Dokokin nan sun hau kan kowa, har da Datsun ta Japan, wadda motarta 240Z da magadanta suka yi ta cin kasuwa a shekarun nan. Bambancin dai shi ne wani ya kashe kuɗi a kan motarsa, wani kuwa ya ƙi.

British Leyland ta durƙushe, gwamnati ta karɓe ta cikin 1975, sa'an nan cikin 1977 aka ɗauko Michael Edwardes don ya rage mata nauyi. Cikin 1979 darajar fam ta hau a kan dala, saboda man da Ingila ta fara haƙowa a teku da kuma tsadar kuɗin ruwa. Kamfanin ya ce yana asarar kimanin fam 900 a kan kowace MGB da ya sayar a Amurka, ko da yake magoya bayan Abingdon sun yi gardama a kan yadda aka yi lissafin. Abin da ya fi ciwo shi ne lokacin da aka zaɓa. A farkon Satumba 1979 garin Abingdon ya yi bikin cikar masana'antar shekara 50, da jerin gwanon motoci da shagali na kwanaki. Ana watsewa, ran Litinin 10 ga wata, sai aka ba da sanarwar za a rufe ta. Masu motocin suka yi zanga-zanga a Landan. Waɗansu attajirai ƙarƙashin jagorancin kamfanin Aston Martin suka nemi su saye ta, kuɗi bai haɗu ba. Cikin Oktoba 1980 aka tura mota ta ƙarshe, aka rufe ƙofa. TR7 ɗin da aka fifita, ita ma cikin 1981 ta bi sahu.

Sai dai masu motocin ba su yarda an yi jana'iza ba. Ƙungiyoyinsu suka ci gaba da tara littattafai da koya wa juna gyara. Cikin 1988 wani kamfani mai suna British Motor Heritage ya tattaro ainihin injunan da aka matse bodin MGB da su, ya koma ƙera sabon bodi cif irin na da. Saboda haka yau kusan ba abin da zai lalace a jikinta wanda ba za ka same shi sabo ba. Kasuwar da aka ce ta mutu kuwa, Mazda ta Japan ta shigo ta cikin 1989 da MX-5, 'yar mota mai kujera biyu da rufin tamfol, ta sayar da sama da miliyan ɗaya. Sunan MG kansa, bayan rushewar MG Rover cikin 2005, wani kamfanin ƙasar Sin ne ya saye shi, yanzu yana hannun SAIC na Shanghai.

Zama da ita ya koya mini abin da takardu ba su faɗa ba. Da safe sai ka ja cok, ka saurari injin, ka ba shi lokaci ya ɗumama. Batir biyu ne ƙanana masu bolt 6, a ɓoye bayan kujeru, inda ba ka tunawa da su sai ranar da suka tuna maka. Ƙafafun gaba suna son giris a kai a kai, kafireto kuma yana da 'yan kofuna biyu da ake ɗiga wa mai. Dattijon ya riga ya sa an gyara mazaunin bawul, gama an hana sayar da fetur mai dalma a Ingila tun farkon shekarar 2000, tsohon injin kuwa da shi ya saba. Da yake ta haura shekara 40, doka ta yafe mata harajin hanya da gwajin lafiya na shekara-shekara, amma ni nakan kai ta a duba, don ban amince da idona ba. Ranar da rana ta fito kuwa, ka naɗe tamfol, ka bi ƙananan hanyoyin ƙauye kana jin ƙanshin ciyawa, mil 50 a sa'a sai ya zame maka kamar tashi sama.

Kuskurena na yi shi ne a hunturu na fari. Dattijon ya gargaɗe ni kada in fita da ita idan an watsa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara. Na ji, amma na raina maganar. Na yi ta yawo da ita cikin Janairu, ban ko wanke ƙarƙashinta ba, na kuma lulluɓe ta da leda a waje, danshi ya kwanta a ciki. Da bazara ta kama, sai ga fenti ya kumbura a saman tayar baya, na danna da yatsa, ya burma. Motar da mutum ya riƙe shekara da shekaru ba tabo, ni na huda ta cikin wata uku. Kuɗin gyaran ya cinye mini guzurin zuwa gida hutu a shekarar. Na ɗauki rasidin mai walda, na ɗan yi jinkiri, sa'an nan na sa shi cikin kwalin a inda ya dace da shi, gama mai tarihi ba shi da ikon cire takardar da ta tona masa asiri.

Da karatu ya ƙare na so in taho da ita, amma sitiyarinta a dama yake. Nijeriya kuwa ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama tun ran 2 ga Afrilu 1972, a shekarar da aka ƙera motar, kuma mai irin wannan sitiyari ba shi da sauƙin samun rajista. Ga kuma batun gargadar hanya ga mota mai ja da ciki haka. Sai na yi shawarar in sayar wa wani ɗan ƙungiyar masu MG, wanda ya fara karanta takardun kafin ya dubi motar.

Mako guda kafin in miƙa makulli, na tuƙa ta zuwa Abingdon. Galibin gine-ginen masana'antar an rushe su, ofisoshi da ɗakunan ajiyar kaya ne a wurin. Dab da tsohuwar ƙofar akwai Kimber House, hedkwatar MG Car Club. Daga nan na wuce tsakiyar gari, na hau benen gidan tarihin garin, inda MGB mai buɗaɗɗen kai ta ƙarshe take ajiye. Cikin 2011 aka shigar da ita ta taga, don ba ta bi ta matakala. Na daɗe ina kallon baƙar bambarta ta roba. Da na sauko sai na tarar an fara yayyafi, na kuwa bar tawa a buɗe.