Kango a Freetown, Sabon Gini a Kampala: Tarihin Tsofaffin Gine-ginen Jami'o'i Biyu

A unguwar Cline Town da ke gabashin birnin Freetown na ƙasar Saliyo, dab da tashar jiragen ruwa, akwai wani dogon gini mai hawa huɗu da aka yi da jan dutsen marmara. A shekarar 1999 wuta ta cinye rufinsa da benayensa na katako, ta bar bango huɗu a tsaye da tagogi a wangame. Shekara fiye da ashirin ya yi a haka, ruwan damina yana zuba a cikinsa, itatuwa suna tsirowa a tsagar duwatsunsa. Wannan shi ne tsohon ginin Kwalejin Fourah Bay, makarantar ilimi mai zurfi irin ta Turawa da ta fi kowace daɗewa a Afirka ta Yamma. Ɗalibin Hausa yana da haƙƙi a kan wannan kango ko da bai taɓa taka Saliyo ba, kuma za a ga dalili nan gaba.

Asalin Kwalejin da Gininta

Bayan da Birtaniya ta haramta cinikin bayi a 1807, jiragen yaƙinta sun riƙa tare jiragen masu fataucin mutane a teku, suna sauke waɗanda suka kuɓutar a Freetown. Cikin 'yan shekaru garin ya cika da dubun-dubatar mutane daga kowace kusurwa ta Afirka ta Yamma, har da na ƙasar Hausa da Barno da Nufe da ƙasar Yarbawa. Ƙungiyar mishan ta Cocin Ingila, wadda ake kira CMS, ita ce ta kafa kwalejin a watan Fabrairun 1827 domin horar da malamai da limaman coci daga cikin waɗannan 'yantattu. Ɗalibinta na farko shi ne Samuel Ajayi Crowther, wani Bayarabe da aka kama yana yaro, aka kuɓutar da shi a teku a 1822, daga baya ya zama bishop a 1864.

Ginin da muke magana a kai ya zo ne daga baya. Gwamna William Fergusson ya aza harsashinsa a 1845, aka kammala shi a 1848. Shugaban kwalejin a lokacin, wanda aikin ya gudana a ƙarƙashin kulawarsa, shi ne Edward Jones, baƙar fata ɗan asalin Amurka. Ana ruwaito cewa wasu daga cikin katakan rufin an ciro su ne daga jikin jiragen bayi da aka kama aka farfasa. In haka ne, to abin da wutar 1999 ta ci ya wuce itace.

A 1876 kwalejin ta ƙulla alaƙa da Jami'ar Durham ta Ingila, ɗalibanta suka fara karɓar digiri, alhali kuwa sai a 1948 aka buɗe kwalejojin jami'a a Ibadan da kuma ƙasar da yanzu ake kira Ghana. Saboda haka na tsawon shekara saba'in da ɗoriya, ɗan Nijeriya ko ɗan Ghana da yake son digiri ba tare da ya tsallaka zuwa Turai ko Amurka ba, galibi Freetown yake nufa. J. E. Casely Hayford na Ghana ya yi karatu a Fourah Bay, haka ma Kenneth Dike, masanin tarihin da ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ibadan.

Inda Hausa Ta Shigo

A 1847 wani Bajamushe mai suna Sigismund Koelle ya isa Freetown ya kama koyarwa a kwalejin. Da ya ga irin tarin harsunan da ke yawo a kasuwannin garin da ƙauyukan kewaye, sai ya shiga bin 'yantattun bayi ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar kowa yadda ake faɗin kalmomi iri ɗaya a harshensu: ɗaya, biyu, uwa, ruwa, wuta, doki da sauransu. Sakamakon wannan aiki shi ne littafin Polyglotta Africana na 1854, wanda ya jera kusan kalmomi da gajerun jimloli 300 a cikin harsuna fiye da 100, kafaɗa da kafaɗa. Hausa tana ciki, da karin Kano da na Katsina. Wani abin da ya ƙara wa littafin daraja shi ne Koelle bai tsaya ga kalmomi ba. Ya rubuta garin da kowane mai ba shi bayani ya fito, da yadda aka kama shi, da hanyar da aka bi da shi har bakin teku. Masu nazarin tarihin yaƙe-yaƙen ƙarni na goma sha tara a yankinmu har yau suna komawa ga waɗannan bayanai. A shekarar dai ya fitar da nahawun Barbarci da tarin tatsuniyoyi da labaran Barno, waɗanda ya samo galibinsu daga bakin Ali Eisami, wani Babarbare da bauta ta jefa Saliyo.

Kafin Koelle ma, a cikin wannan al'umma ta 'yantattu ne J. F. Schön ya fara tattara Hausa, har ya buga ƙaramin littafinsa na kalmomi a 1843. Duk ɗalibin da ya yi kwas a kan tarihin rubutun boko ya haɗu da waɗannan sunaye a takardar jarrabawa. Abin da ba a cika faɗa masa ba shi ne makarantar da Koelle ya koyar tana nan a tsaye har yanzu, da kuma halin da ta shiga.

Yadda Gini Ya Zama Kango

Mutane sukan ɗora laifin lalacewar ginin a kan yaƙin basasar Saliyo na 1991 zuwa 2002. A ganina, yaƙi ya zo ne ya tarar da aikin an yi rabi. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu hukumomin Birtaniya suka karɓe ginin saboda kusancinsa da tashar jiragen ruwa, aka kwashe kwalejin zuwa Mabang a cikin ƙasa. Da yaƙi ya ƙare ba ta koma gidanta ba, sai ta hau Dutsen Aureol da ke kallon birnin daga sama, inda take har gobe. Tsohon ginin ya zama hedikwatar hukumar jiragen ƙasa. A 1955 aka sa shi cikin jerin kayan tarihin ƙasa, wanda a takarda babban matsayi ne. Amma a tsakiyar shekarun 1970 aka rufe reluwe ɗin ƙasar baki ɗaya, ginin ya koma kotun majistare, daga nan kuma ya zama mafakar waɗanda yaƙi ya koro daga garuruwansu. A cikin wannan hali wuta ta same shi a 1999, shekarar da 'yan tawaye suka kutsa Freetown.

Mai karatu ya lura da jerin masu zaman gidan: soja, reluwe, kotu, 'yan gudun hijira. Kowannensu aro ya yi, kuma mai aro ba ya canza kwanon da ke yoyo. Babu wanda ya taɓa zama ya yanke shawarar rushe tsohon ginin Fourah Bay, kamar yadda babu wanda ya yanke shawarar gyara shi. Mai shi ya tashi, shi ke nan. Bahaushe da ya tashi a gidan ƙasa ya san wannan ba sai an karanta masa ba: ɗakin da ake kwana a ciki ana yi masa yaɓe kafin damina, wanda aka ƙulle kuwa indararonsa ne ke fara toshewa.

Abin da Makerere Ta Zaɓa

Domin a ga ɗaya fuskar al'amarin, sai mu tsallaka gabashin Afirka, inda wata jami'ar ta gamu da irin wannan gobara amma ta ɗauki wata hanya dabam. Jami'ar Makerere da ke Kampala a ƙasar Yuganda ta fara ne a matsayin makarantar koyon sana'a a 1922. Babban gininta na mulki, mai fararen bango da shuɗɗan tagogi da hasumiya a tsakiya, an fara shi a 1938 aka gama a 1941. Ana yi masa laƙabi da Hasumiyar Hauren Giwa. A ƙarƙashin inuwarsa su Julius Nyerere da Milton Obote da Mwai Kibaki da marubuci Ngugi wa Thiong'o suka yi zamanin ɗalibtarsu.

Cikin daren wayewar 20 ga Satumban 2020, lokacin da annobar korona ta sa an rufe makarantu, wuta ta tashi a ginin. Ta ci rufi, ta ci ofisoshin kuɗi da na ma'aikata da takardun da ke ciki, ta bar manyan tsage-tsage a bango. Nan take muhawara ta tashi: a ɗaure abin da ya rage a gyara, ko a rushe? Injiniyoyin da suka duba ginin sun ba da shawarar cewa bangon ba zai ƙara ɗaukar nauyi ba. Gwamnati ta amince a rushe shi a sake ginawa bisa siffarsa ta waje ta asali, ta ware kuɗi kimanin shilin biliyan 21. Shugaban jami'ar a lokacin, Farfesa Barnabas Nawangwe, shi kansa masanin zanen gine-gine ne. A watan Oktoban 2024 Shugaba Yoweri Museveni ya buɗe sabon ginin. Shekara huɗu ke nan daga gobara zuwa yanke ƙyalle.

Wanda ya tsaya a filin da ke gaban ginin yau zai ga abin da iyayensa suka gani: farin bango, shuɗɗan tagogi, hasumiya. Sai dai bangon ba shi ne na 1941 ba. Masu kula da kayan tarihi sun daɗe suna ja-in-ja a kan irin wannan aiki. Yarjejeniyar Venice ta 1964 ta fifita riƙe ainihin kayan da aka yi gini da su, ta kuma buƙaci duk abin da aka ƙara ya zama ana iya bambanta shi da na asali, don kada a yaudari mai kallo. Shekara talatin bayan haka, taron Nara a Japan ya sassauta, ya ce kowace al'umma tana da ma'auninta na abin da take kira na asali. A wasu wurare ana sabunta katako da ƙasa a kai a kai, gini kuma bai fasa zama shi ba. Mutanen Makerere za su iya kafa hujja da na biyun. Abin da suke so su ceto shi ne fuskar jami'arsu, wadda ke jikin hotunan yaye ɗalibai na shekara tamanin, kuma sun cece ta.

Ni dai ban ga laifin zaɓinsu ba, matuƙar bango ya riga ya mutu. Inda nake da ja shi ne kiran aikin da sunan gyara. Rushewa aka yi, aka gina kwafi, kuma faɗin haka ba zai rage masa kyau ba. Sannan akwai abin da ba kwangilar da za ta dawo da shi, wato takardun da suka ƙone. Da an kashe ɗan kaso na waɗancan biliyoyi tun da wuri wajen sabunta wayoyin lantarki, da sa na'urar sansano hayaƙi, da ɗaukar hoton takardu a adana a kwamfuta, da wataƙila muhawarar ba ta taso ba. Irin wannan kashe kuɗi ba ya tara jama'a, ba a gayyatar shugaban ƙasa ya buɗe sabuwar waya.

Idan aka aza gine-ginen biyu a ma'auni sai a ga kowanne yana riƙe da abin da ɗayan ya rasa. Na Kampala ya rasa duwatsunsa amma mutanensa suna ciki. Na Freetown duwatsunsa na 1848 ne, waɗanda magina 'yan Saliyo suka sassaƙa, amma ɗalibai sun bar shi tun kafin a haifi kakannin ɗaliban yanzu. Dalilin saurin Makerere da jinkirin Fourah Bay ya wuce bambancin arzikin ƙasashen biyu. Ginin Makerere yana tsakiyar harabar jami'a, ofishin shugabanta a can yake, kowace safiya sai an ga ƙonannen bangon. Na Fourah Bay kuwa yana can ƙasan dutse, tsakanin manyan motocin dakon kaya da rumbunan tasha, sai wanda ya yi niyya yake ganinsa.

Halin da Ake Ciki a Cline Town

An fara waiwayarsa a hankali. Asusun kula da gine-ginen tarihi na duniya da ke New York ya sa shi cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari a 2006. A 2012 Saliyo ta shigar da shi jerin share fage na wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. A 'yan shekarun nan asusun ya haɗa hannu da hukumar kayan tarihi ta Saliyo, da tallafin gwamnatin Amurka, aka soma aikin ɗaure bangon da kare shi daga ruwa. Wannan shi ne tsarin da ya dace da shi. Gina kwafi irin na Makerere a nan ɓarna zai zama, domin darajar wurin tana jikin ainihin dutsen ne, ba a surarsa ba.

Sai dai ɗaure bango ba ya amsa tambayar da ta kashe ginin tun farko: wa zai zauna a ciki? Damina a Freetown tana kamawa daga Mayu har Nuwamba, kuma ba ta sassauta wa ginin da ba mai share masa magudana. In da za a tambaye ni, sashen nazarin harsuna na kwalejin ne ya fi cancanta ya sauko daga Dutsen Aureol ya riƙe ko da hawa ɗaya, a ajiye kwafin littattafan Koelle da Schön da Crowther, a riƙa ɗaukar darasi a wurin kowane mako. Kwalejin za ta cika shekara 200 a watan Fabrairun 2027.