Tarihin Albam Ɗin "Take This to Your Grave" Na Fall Out Boy Da Dalilin Da Ya Sa Har Yau Ake Son Sa

 Yau za mu ɗan tsallaka zuwa Amurka, mu duba wani albam da ya fito tun 2003 amma har gobe masoyansa ba su daina maganarsa ba. Wanda ya kalli fim ɗin katun na Big Hero 6 na 2014 ya ji waƙar "Immortals", to Fall Out Boy ne suka yi ta. Sai dai waɗancan da kuka ji taurari ne da suka riga suka ƙoshi. Mu yau maganar lokacin da suke kwana a ƙasa da yunwa za mu yi.

A taƙaice

Sunan albam: Take This to Your Grave
Ma'anarsa: ka tafi da wannan sirrin har kabarinka
Ranar fitowa: 6 ga Mayu, 2003
Kamfani: Fueled by Ramen
Furodusa: Sean O'Keefe
Yawan waƙoƙi: 12, kusan minti 40 gaba ɗaya
Mawaƙa: Patrick Stump, murya da jita, Pete Wentz, jitar bas da rubuta baitoci, Joe Trohman, jita, Andy Hurley, ganguna

Wane irin kiɗa ne wannan?

Kafin mu yi nisa, bari mu warware kalmomi biyu da za su riƙa dawowa. Pop-punk kiɗa ne na jita da ganguna mai gudu sosai, amma amshinsa mai sauƙi ne, ka ji sau biyu ka kama. Green Day da albam ɗinsu Dookie na 1994, da Blink-182 da Enema of the State na 1999, su ne suka kai shi kunnen duniya. Shi kuma emo ya samo asali ne a birnin Washinton a tsakiyar shekarun 1980, wajen ƙungiyoyi irin su Rites of Spring. Bambancinsa shi ne mawaƙi yana fito da abin da ke cin ransa ƙarara: kishi, kaɗaici, yaudara, nadama.

Abin da Fall Out Boy suka yi shi ne haɗa biyun a tukunya ɗaya. Kiɗan yana tsalle kamar na biki, baitocin kuma na mai ciwon zuciya. Wanda bai jin Turanci zai ɗauka waƙar murna ce. Ranar da aka fassara masa sai ya riƙe baki.

Yadda suka haɗu

An kafa ƙungiyar a 2001 a Wilmette, wani gari da ke gefen birnin Shikago a jihar Ilinoi. Wentz da Trohman sun fito ne daga cikin masu kiɗan hardcore na Shikago, wato kiɗan ihu da hargowa, sai suka ji suna son yin wani abu mai ɗan daɗin sauraro. Trohman ya gamu da Stump a wani kantin littattafai, hirar kiɗa ta haɗa su. Abin dariyar shi ne Stump makaɗin ganga ne, kuma ganga ya zo nema. Da suka ji muryarsa sai suka ce ai kai ne za ka riƙe makirfo. Sunan ƙungiyar kuma daga katun ɗin The Simpsons aka ɗauko shi.

Sun sha canjin masu ganga kafin Andy Hurley ya zauna daram, kuma wannan albam ne aikinsu na farko su huɗu. Akwai wani ƙaramin aiki mai suna Evening Out with Your Girlfriend da wani kamfani ya fitar a farkon 2003 ba da son ransu ba, shi ya sa su da masoyansu suke ƙirga Take This to Your Grave a matsayin albam na farko na gaskiya. Ranar da ya fito, Trohman yana da shekara 18, Stump 19, Hurley 22, Wentz 23. Yara ne fa.

Wahalar situdiyo

Yawancin aikin an yi shi ne a Smart Studios da a lokacin yake garin Madison a jihar Wiskonsin, situdiyon Butch Vig, mutumin da ya yi wa Nirvana furodusin na Nevermind. Wasu waƙoƙin an riga an ɗauke su tun da farko, sauran bakwai kuma a cikin kwana tara aka gama su. Ba kuɗin otal, a ƙasan ɗakin wasu suke shimfiɗa su kwana. Akwai labarin da su da kansu suka bayar: situdiyon yana ba su lemo kyauta, sai suka roƙa a bar lemon, a sayo musu burodi da jam da markaɗaɗɗiyar gyaɗar shafawa da kuɗin. Yunwa ba ta san kwalliya ba.

Babbar rigimar kuma a kan baitoci aka yi ta. Stump shi ke tsara karin waƙa, kuma da farko shi ke rubuta kalmomin. Shi damuwarsa yadda kalma za ta zauna a baki, ta hau kan kiɗa ba tare da tuntuɓe ba. Wentz shi kuma ma'ana ce a gabansa, sai kalmar ta soki inda yake so ta soka. Suka riƙa jayayya a kan gaɓa ɗaya ta kalma. Daga wannan faɗan ne aka samu tsarin da suka zauna a kai daga baya: Wentz ya rubuta, Stump ya ɗora kari ya rera. Kun ga wani faɗan alheri ne.

Waƙoƙin da suka fi fice

Albam ɗin yana buɗewa da ƙarar layin tarho, sai jita ta faɗo kamar an ɓalle ƙofa. Wannan waƙar ta farko tana da dogon suna da aka ɗauko daga wata magana a fim ɗin Rushmore na 1998. Irin waɗannan dogayen sunaye masu barkwanci sun zama tambarin ƙungiyar, har wasu suka riƙa kwaikwayo.

"Dead on Arrival" tana cikin waƙoƙi ukun da aka fitar daban don talla. Gajera ce, mai sauri, ba ɓata lokaci.

"Grand Theft Autumn/Where Is Your Boy" tana farawa da muryar Stump ita kaɗai, ba kiɗa ko ɗaya. Labarin saurayi ne da yake kallon wadda yake so tana tare da wani, shi kuma yana ganin ya fi cancanta. A wajen wasa, da ya buɗe baki jama'a suke karɓe waƙar daga hannunsa.

"Saturday" ita ce uwa uba. Stump ya rubuta ta ne a kan yadda ya ji kamar bai tsinana komai ba bayan ya gama sakandare. Ni dai wannan ta taɓa ni, don duk wanda ya gama makaranta ya zauna a gida yana kallon abokai suna wucewa ya san wannan zaman. Kusan duk wasan da suka yi da ita suke rufewa, Wentz ya ajiye jitarsa ya nufi cikin jama'a yana ihu tare da su.

"Chicago Is So Two Years Ago" ta kewar gida ce gauraye da haushin tsohuwar budurwa, kuma Justin Pierre na ƙungiyar Motion City Soundtrack ya sa murya a ciki. "Grenade Jumper" ta abota ce, godiya ga wani amininsu da ya tsaya musu tun ba su da kowa. "Calm Before the Storm" kuma tsohuwar waƙarsu ce da suka sake ɗauka da kyau.

To mene ne sirrin?

Na farko, muryar Stump. Yawancin mawaƙan pop-punk na lokacin da hanci suke waƙa, siririyar murya irin ta yara. Shi kuma ya taso yana son kiɗan soul da R&B, don haka yana lanƙwasa murya, yana hawa yana sauka. A wannan albam bai gama gogewa ba, wani wurin ma kalmomin suna haɗiyewa, amma kana jin akwai abu a maƙogwaron.

Na biyu, alƙalamin Wentz. Idan za mu faɗa da namu harshen, gwanin habaici ne da zambo. Ba ya tsayawa a kan "kin yaudare ni, zuciyata ta karye". Zai jefa magana mai harshen damo, ya soki yarinyar, ya juyo ya soki kansa. Matasan lokacin sun riƙa kwafe layukan suna liƙawa a shafukansu na intanet, kamar yadda ake sa baiti a sitatus yau.

Na uku, asalinsu na hardcore bai ɓace ba. Hurley yana dukan ganga da nauyi da ƙwarewa fiye da yadda aka saba ji a irin wannan kiɗa, kuma nan da can za ka ji ihun Wentz daga baya. Wannan ya hana zaƙin amshin ya yi yawa har ya gundure ka.

Na huɗu, ba ciko. Waƙa 12, yawancinsu minti uku da 'yan kai, ba wadda za ka ce an sa ta ne don a cika faifai. Ko bangon ma haka yake, ba ƙarya: su huɗu zaune a kan karyayyiyar kujera, hoton an rina shi shuɗi, an jera sunayensu irin yadda kamfanin Blue Note yake yi wa tsofaffin faya-fayen jaz.

Inda ake sukar sa

Gaskiya ɗaya ce, albam ɗin yana da nasa aibin. Haushin da ke ciki wani lokacin yana wuce gona da iri. Akwai wuraren da mai waƙar yake yi wa tsohuwar budurwa fatan mummunan ƙarshe, kuma daga farko har ƙarshe bakin namiji kawai muke ji, ita ba a ba ta damar kare kanta ba. Wannan suka ce da ake yi wa emo na wancan zamani gaba ɗaya, kuma tana da tushe. Mai sauraro ya ɗauke shi a matsayin hoton zuciyar matashi a cikin fushi, kada ya ɗauke shi darasin yadda ake rabuwa. Rabuwa da mutunci ta fi.

Abin da ya biyo baya

Lokacin da ya fito bai girgiza gidajen rediyo ba. A hankali ya yaɗu, daga baki zuwa baki, da intanet, da yawon wasa a ƙaramar mota daga gari zuwa gari. Sannu a hankali ya wuce kwafi 500,000 a Amurka. Bayan sun koma babban kamfani Island, a 2005 suka fitar da From Under the Cork Tree, wanda ya shiga jadawalin Billboard 200 a lamba 9, waƙar "Sugar, We're Goin Down" kuma ta kai lamba 8. Shi ma kamfanin Fueled by Ramen ya ɗaga, daga baya ya fito da Paramore da Panic! at the Disco. A 2017 mujallar Rolling Stone ta sa Take This to Your Grave a lamba 5 cikin albam 50 mafi kyau na pop-punk.

Sun tafi hutu a 2009, suka dawo a 2013 da Save Rock and Roll, da salo mai kama da pop na zamani. Tun daga nan masoyansu suka rabu gida biyu: masu cewa ci gaba ne, da masu cewa an bar gida. Ni ina ganin ba laifi mawaƙi ya canza, ɗan shekara 40 ba zai yi ta kukan ɗan shekara 19 ba. Amma abin da ke cikin albam na farko ba ya sayuwa da kuɗi, domin lokacin ba su da tabbacin akwai na biyu, shi ya sa suka zuba duk abin da suke da shi.

Idan yau za ka fara, ka soma da "Saturday", sai "Grand Theft Autumn", sannan ka koma ka ji shi daga farko har ƙarshe a zama ɗaya. Wanda ya riga ya san su kuma ya faɗa mana, tsohon salon ya fi ko sabon?