Iyakar Gona da Hukuncin Hauzi

Tun kafin a san awon safiyo da turakun siminti a ƙasar Hausa, tsiro ne ke tsaron iyakar gona: jerin gamba da aka bari tsakanin kunya da kunya, ko shingen aguwa da dashi da bini-da-zugu, ko wata tsohuwar kuka wadda dattawan gari suka shaida cewa daga gindinta gonar wane ta fara. Irin wannan iyaka ba ta da wuyar ci. Manomi marar tsoron Allah yakan karkata garma lokacin huɗa, ya shiga taki ɗaya bana, ya ƙara ɗaya baɗi, haka kuma darnin kara na bayan gida, wanda gara da damina ke cinyewa, in an tashi sabunta shi sai dirka ta gusa kaɗan. Shi ya sa malamai ba su gajiya da tunasar da jama'a la'anar da hadisi ya ɗora wa mai sauya alamun ƙasa.

Amma idan shekaru suka tura, shaidu suka ƙare, sa'an nan wani ya taso yana da'awar abin da ke hannun maƙwabcinsa, yaya alƙali zai yi? A nan ne fiƙihun Malikiyya ya zo da babin hauzi, wanda Ibn Abi Zaid na Ƙairawan ya ambata cikin Risala, Halilu ya tsara cikin Muhtasar, Ibn Asim na Garnaɗa, wanda ya rasu a 1426, ya ƙulla cikin Tuhfa, littafin da alƙalanmu suka daɗe suna dogara da shi. Hukuncin shi ne, wanda ya riƙe gida ko gona shekara 10, yana tasarrufi irin na mai abu, yana gini yana rushewa, alhali mai da'awa yana nan cikin gari, yana gani, ya yi shiru ba tare da wani uzuri ya hana shi magana ba, to, ba za a saurari da'awarsa ba, balle shaidunsa.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne bambancin da aka yi tsakanin bare da ɗan'uwa, domin tsakanin dangi sai riƙon ya kai wajen shekara 40. Malaman nan sun san cewa mutum yakan ga ƙanensa na noma gonar gado, ko ɗan baffansa ya ja katanga cikin filinsa, ya haɗiye maganar saboda kara da zumunci, kuma zalunci ne a mai da kawaicinsa hujja a kansa. Haka nan wanda ya shiga da aro, ko haya, ko jingina, ko ƙwace, daɗewa ba ta ba shi komai muddin an san asalin shigarsa, kuma hauzi ba ya cin wakafi.

A Ingila ma akwai makamancin wannan, inda dokar 1833 ta sa shekara 20, ta 1874 ta rage zuwa 12. Sai dai a waɗannan dokokin wucewar lokaci ita kanta ke kashe haƙƙin mai ƙasa, alhali a wurinmu shirun mai da'awa alama ce kawai ta cewa abin ya riga ya fita hannunsa ta ciniki ko kyauta, kuma hukuncin alƙali ba ya halatta wa azzalumi abin da ya san ba nasa ba ne.

Turawa sun yi dokarsu ta 1910 wadda ta sa ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna, aka yi ta 1962, aka yi ta 1978 wadda ta game Nijeriya duka. Duk da haka, in rikicin gona ya gagari mai unguwa da dagaci ya kai kotun shari'a, har yau alƙali yakan tambayi mai ƙara ina yake duk shekarun nan, me ke tsakaninsa da wanda yake ƙara, kuma me ya hana shi magana.