Tarihin Nahawun Farisanci da Sawun da Ya Bari a Harshen Yau

Harshen Farisanci, wanda ake kira Farsi a Iran, Dari a Afganistan, Tajiki a Tajikistan, yana da tarihin rubutu na kimanin shekara 2,500, kuma yawancin wuraren da ɗalibin da ya yi nisa yake tuntuɓe a nahawunsa ragowar wannan doguwar tafiya ce. Tsohon Farisanci, wanda Sarki Dariyus na Ɗaya ya sa aka sassaƙa a dutsen Bisutun wajen shekara ta 520 kafin haihuwar Annabi Isa, harshe ne mai i'irabi, wato ƙarshen suna yana sauyawa gwargwadon aikinsa a jumla kamar yadda yake a Larabci, sannan yana da jinsi uku. A zamanin daular Sasaniyawa, daga 224 zuwa 651, i'irabin ya kusan zubewa gaba ɗaya, jinsi kuma ya ɓace, shi ya sa har yau kalma ɗaya, u, take tsayawa a madadin "shi" da "ita".

Da i'irabi ya tafi, sai nauyin jumla ya koma kan wasu ƙananan kalmomi, kuma mafi girman aiki a cikinsu ita ce izafa, sunan da aka aro daga idafar Larabci ko da yake asalinta na Farisanci ne tsantsa. Tushenta wakilin suna ne na Tsohon Farisanci, haya, mai ma'anar "wanda", wanda ya zaizaye ya zama i mai tsawo a zamanin Sasaniyawa, daga bisani ya taƙaita ya zama wasalin e da ake ɗafa wa ƙarshen suna. Aikinta ya yi kama da na -n da -r a Hausa: ketab-e Ali shi ne "littafin Ali", asb-e sefid kuma "farin doki", sai dai a can sifa tana bin bayan suna, kuma ana iya jera sunaye da sifofi huɗu ko biyar, kowanne izafa ta ɗaure shi da na gabansa. Wahalar izafa ta samo asali ne daga rubutu. Bayan zuwan Musulunci Farisawa sun ɗauki baƙaƙen Larabci, suka ƙara huɗu domin sautukan da Larabci ba shi da su, amma suka gaji al'adar barin gajerun wasula, don haka izafar da ta biyo bayan baƙi ba a cika rubuta ta ba, dole mai karatu ya fahimci ginin jumlar kafin ya san inda zai furta ta. Tajikawa, waɗanda suka koma baƙaƙen Rashanci wajen 1940, suna rubuta ta a fili.

Kalmar ra ma ta sauya aiki. A tsohon harshe tana nufin "saboda", a littattafan magabata irin su Shahnama, wanda Firdausi ya kammala a 1010, takan zo da ma'anar "ga" ko "domin", yau kuwa alama ce ta karɓau sananne, wato abin da aiki ya faɗa wa wanda mai sauraro ya riga ya sani. Haka nan mi da ake sa wa aikatau a gaba domin nuna ci gaban aiki ko sabo guntun tsohuwar kalma ce, hami, mai ma'anar "kullum". Wanda ya koyi harshen jaridun Tehran kaɗai zai iya karanta mawaƙan da irin su Sa'adi ko Rumi ya juya ma'anar jumla ba tare da ya ankara ba.

Abin lura a tarihin nan shi ne jinkirin da Farisawa suka yi kafin su rubuta nahawun harshensu. Sibawaihi, limamin malaman nahawun Larabci wanda sunansa ba baƙo ba ne a zaurukan karatu na ƙasar Hausa, Bafarise ne da ya rasu a ƙarshen ƙarni na 8, amma hankalinsa da na ire-irensa ya tafi ga harshen Alƙur'ani, nasu kuwa ana koyonsa a gida da kuma haddar waƙa. Bayanan farko da suka tsira sun zo ne a gefen wasu fannoni, kamar yadda Shamsu Ƙaisi Razi, a ƙarni na 13, ya tattauna ɗafa-ƙeyar kalmomi a cikin littafinsa na aruli da ƙafiya. Buƙatar gaske ta taso a wuraren da Farisanci yake harshen fada ba harshen uwa ba, musamman Indiya ta zamanin Mugal, inda ƙamusai irin su Farhangi Jahangiri na 1608 suka buɗe da muƙaddima a kan ƙa'idojin harshe. Turawa sun biyo baya: Louis de Dieu ya buga nahawu da Latin a Leiden a 1639, William Jones kuma ya fitar da nasa da Ingilishi a 1771, wanda ma'aikatan kamfanin Ingila a Indiya suka yi ta amfani da shi, tun da Farisanci ne harshen mulki da kotu a can har zuwa 1837.

Yawancin ayyukan malaman gabas sun auna Farisanci da ma'aunin Larabci, suka raba kalmominsa gida uku, suna da fi'ili da harafi, suka nemi saiwa da awo a harshen da ba haka yake gina kalma ba, kuma wannan ya ɓoye abubuwa masu muhimmanci kamar haɗaɗɗen aikatau, inda suna yake haɗuwa da kardan, wato "yi", kamar yadda Bahaushe yake cewa "yi aiki". Mirza Habib Isfahani, wanda ya yi zaman gudun hijira a Istambul, ya buga Dasturi Sukhan a 1872, ya yi ƙoƙarin raba ƙa'idojin Farisanci da na Larabci, kuma daga gare shi ne kalmar dastur ta zauna a matsayin sunan nahawu. A ƙarni na 20 malamai biyar na Jami'ar Tehran, cikinsu har da Abdul'azim Ƙarib da mawaƙi Bahar, suka haɗu suka rubuta littafin makaranta da aka fi sani da nahawun malamai biyar, daga baya Parwiz Natil Khanlari ya sake tsara fannin, ya fara daga ginin jumla kafin ya gangaro kan kalma.